Inabin Na-Sani da Wayar da Ba Ta Ganin Aibu

Mijin ƙanwata yana da suna kamar kowa, kuma na tabbata na taɓa saninsa, amma ya daɗe da zame mini. Ba laifin tsufa kaɗai ba ne. Duk layinmu Na-Sani ake ce masa, domin ba a taɓa fara magana a gabansa aka kai tsakiya bai ce ya sani ba. Akwai ranar da na je in gaya masa motarsa na gangarowa da baya ba kowa a ciki. Ina buɗe baki ya ce ya sani, sai muka tsaya tare muna kallonta har ta sami katangar tela.

Direba ne a wata cibiyar binciken amfanin gona. Ya yi shekaru yana ɗaukar masana yana sauke su, har ya fara cewa "mu masu bincike" idan yana magana. Ni da na ƙare rayuwata ina koyarwa, ban taɓa jin nauyin ilimi a kaina kamar yadda yake jin nasa ba.

Ƙanwata kuwa tana da kantin 'ya'yan itace a bakin layi, da babban firji guda mai ƙofar gilas wanda take gogewa kamar jariri. Ta daɗe tana neman a ba ta aikin kai kaya wani babban otal, ana ce mata ta dawo gobe. A ƙarshe mai sayayyar otal ɗin ya ce zai gwada ta da inabi. Ta sayo mai yawa ta ajiye, idan babban taron da suke jira ya zo ya aiko a ɗauka. In ya same shi lafiya, duk 'ya'yan itacen otal ta hannunta za su riƙa bi. In bai same shi lafiya ba, akwai masu jira a bayanta.

Inabi ya iso cikin kwalaye, baƙi, manya, sanyi na tashi daga jikinsa. Washegari abu biyu suka faru, na manta wanne ya riga wanne. Firji ya mutu, aka kuma bugo waya cewa 'yarta da ke aure a nesa ta haihu da ƙyar, sai uwa ta je. Ƙanwata ta tsaya a ƙofa da jaka a hannu, ta gaya wa mijinta abu biyu tak, ta maimaita su har sau uku: ya kira mai gyaran firji, kafin a gyara kuma ya kai kwalayen ɗakin sanyi na mai sayar da kifi, ta riga ta roƙe shi. Ya ce ya sani. Ta dube ni ta ce, "Yaya, don Allah ka sa ido." Na ce to.

Mai gyaran firji ya zo da jakar kayansa, ya durƙusa, ya saurari bayan firji, ya ce injin ne ya tafi, zai samo wani kafin la'asar. Na-Sani ya yi dariyar tausayi. Ya ce masa duniya ta wuce firji. A cibiyarsu an yi babban taro a kan inabi, kuma yana ciki daga farko har ƙarshe. Daga baya na ji cewa kujeru ya shigo da su, ya zauna a ta baya kusa da fanka, barci ya ɗauke shi. Amma ya ji abu biyu, ɗaya kafin ya yi barci, ɗaya da tafi ya tashe shi. Na farko, ana yi wa inabi riga da abin da ake iya ci, irin ƙaro ko sitaci, sai ya daɗe bai bushe ba. Na biyu, akwai na'urar ɗaukar hoto da ke ganin ruɓa tun ido bai gan ta ba. Abin da aka faɗa a tsakani, cewa rigar ta zama siririya fiye da ɓawon albasa, a bar ta ta bushe, kuma a ci gaba da ajiye kayan a sanyi, wannan ya wuce shi yana minshari.

"To inabin da ya sa riga, zafi ba ya damunsa ke nan?" in ji mai gyaran firji.

"Kai da ka sa riga ka ruɓe?"

"Ni ina wanka, Malam."

"Shi ma za a yi masa."

Mai gyara ya tattara kayansa, ya ce idan an gama yi wa inabin wanka a gaishe shi.

Wankan kuwa an yi. Na-Sani ya lura da wani farin gari a jikin inabin, ya ce dattin hanya ne. Na gaya masa a hankali cewa na taɓa karanta wani abu, a mujalla ne ko a jikin kalanda, wai wannan farin garin shi ne rigar da inabi ke zuwa da ita daga gona, ita ke kare shi. Ya ce ya sani, shi ya sa zai cire tsohuwar ya sa sabuwa. Ya zauna a tsakar gida da baho da soso, ya bi kowace ƙwaya yana gogewa har ta yi ƙyalli kamar maɓallin kwat. Wadda ta fashe a hannunsa ya jefa baki, ya ce bincike ne.

Sannan ya ɗora babbar tukunyar ƙanwata. Ya zuba ƙaro. Ya aika a karɓo sitaci wurin mai wanki da guga, irin wanda ake yi wa wuyan riga ya tsaya cak. Ya fasa ƙwai ya zuba farin. Da ya ga abin bai yi masa kyau a ido ba, ya juye kwalbar zuma don ƙyalli. Ya dama har ludayi ya tsaya da kansa a tsakiyar tukunya. Ya ce masana shafa ɗaya suke yi saboda rowa irin ta ma'aikata, shi uku zai yi, domin abin da riga ɗaya ta yi, uku sun fi shi.

Ya tsoma reshe reshe, ya rataye a igiyar shanya. Kafin ya juya, ƙudan zuma sun ji labari. Ban san inda suke ɓoye ba duk shekarun nan a layinmu, amma ranar sun zo da danginsu. Matar tela ta leƙo ta katanga don ta kwashe shanyarta, ɗaya ya same ta a gefen ido. Ta tsaya da fuska a kumbure tana gaya wa Na-Sani asalinsa, shi kuma yana yi mata bayanin cewa zuwan ƙudan zuma shaida ce rigar ta ci, tunda ƙwaro ba ya bin abu marar kyau. Ta ce to ƙudajen bola fa, su ma shaidar kirki suke bayarwa? Ya ce wannan wani fannin ne daban.

Da harbi ya kai ga wuyansa, ya fasa shanyar. Ya kwashe inabin yana ɗiga, jiƙe sharkaf, ya jera a manyan tire, ya lulluɓe da farar leda, ya kai ƙaramin ɗakin ajiya da ke bayan kanti, mai rufin kwano, wanda rana ke dukansa tun safe. Ya liƙe ƙofa da salatif, ya toshe ƙasanta da tsumma, ya bar taga guda mai gilas. Ya ce iska ce abokiyar gaban inabi. Hularsa ta manne a jikin tire na ƙarshe, ya bar ta a ciki, ya ce ita ma ta shiga gwaji.

Saura na'urar gani. Ya ɗauko reshe guda da ya ware na gwaji tun kafin ya liƙe ƙofa, ya sa a ƙarƙashin babbar rigarsa don kada maƙwabta su sace masa fasaha, ya ja ni zuwa ƙaramin asibitin da ake yi wa mata masu ciki hoto. Na bi shi ne don ƙanwata ta ce in sa ido. Muka zauna a benci cikin mata, shi da tudun abu a gaban rigarsa, ya rungume da hannu biyu. Wata dattijuwa da ta rako surukarta ta dube shi sama da ƙasa, ta yi masa sannu, ta ce Allah ya raba lafiya.

Da layi ya zo kansa, ma'aikaciyar ta tambaye shi ina matar. Ya ce ba mata ba ce, samfur ne. Ya yi ƙoƙarin ciro reshen, amma zafin jikinsa ya narkar da ƙaron, inabin ya kama singiletinsa, singileti ya kama gashin ƙirjinsa. Ya ja, ya yi ƙara irin wadda ɗakin ya saba ji, amma ba daga namiji ba. Matan benci suka taso bakin ƙofa. Wata ta tambaya namiji aka samu ko mace. Wata ta ce ai 'yan biyu ma sun yi kaɗan, ta ƙirga sun fi arba'in. Ma'aikaciyar ta nuna mana ƙofa da abin da ke hannunta.

A hanya ya ce na'urarsu tsohon yayi ce. Muka shiga shagon masu fotokwafi, ya ɗora sauran reshen a kan gilas, ya danne murfi da ƙarfinsa. Takardar da ta fito baƙa ce wuluk da wasu tabo, murfin kuma ya ƙi buɗuwa. Mai shagon ya faɗi wasu kalmomi da ban san ana haɗa su a jimla ɗaya ba, duk da shekarun da na yi ina koyar da harshe.

Da muka dawo gida, ya zauna. Can ya ciro wayarsa, ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. Ya ce ashe na'urar na aljihunsa tun tuni. Ya je taga, ya manna wayar a gilas, ya ɗauka, ya nuna mini. Gaskiya inabin ya yi kyau a hoton. Sumul, ba tabo, ba ƙuraje, har da wani haske a gefe kamar an kunna masa fitila. Ya ce wannan wayar tana ganin cikin abu ne, ba bayansa ba. Ya tura wa ƙanwata hoton, ya rubuta mata ta kwantar da hankalinta. Bai ce mata an gyara firji ba, bai kuma ce ba a gyara ba.

Haka aka yi ta yi, sati biyu ne ko uku, kada in yi ƙarya. Kullum da hantsi sai ya manna waya a taga. Kullum inabi na ƙara kyau. Ƙanwata ta bugo mini tana murna, ta ce ba ta taɓa sanin inabi na ƙara ƙuruciya a ajiye ba. Na leƙa tagar da idona, amma ledar ta yi gumi daga ciki, ni kuma tabarauna ya daɗe da gajiya. Na ce masa kamar ina ganin wani toka-toka a gefen tire. Ya ce shi ya sa aka ƙirƙiro na'ura, don a huta da idon tsofaffi.

Layi dai ya fara magana. Wani wari mai tsami da daɗi-daɗi ya riƙa fitowa ta ƙarƙashin ƙofa duk da tsumman. Tela ya ce tun da yake bai taɓa ɗinka aljihu a bayan riga ba sai a satin nan. Wani ruwa ja ya sami hanya ta ƙasan bango ya gangara kwata, agwagin mai wanki suka gano shi. Aka wayi gari suna tafiya gefe gefe, babban cikinsu ya tare mai babur a tsakiyar titi yana neman faɗa. Mai wanki ya zo da agwagwa a hammata, wuyanta na lilo, ya tambayi Na-Sani me yake dafawa a ɗakin nan. Na-Sani ya nuna masa hoto. Mai wanki ya ce shi ba hoto ya tambaya ba, ya ɗaga masa agwagwar a fuska, ita kuwa ta yi gyatsa.

Da mai sayayyar otal ya aiko cewa taro ya zo, zai taho da kansa ya duba, Na-Sani ya ga lokacinsa ya yi. Ya aro kujeru, ya jera a gaban kanti, ya gayyaci layi duka. Ya ɗaura jan ƙyalle a ƙofar ɗakin ajiya, ya aro almakashin tela. Har mai gyaran firji ya aika wa, don ya zo ya ga ƙarshen sana'arsa. Ya zo kuwa, ya zauna a layin gaba, ya harɗe ƙafa.

Ƙanwata ta sauka daga mota ana cikin jawabi, jakarta a hannu. Ta ga kujeru, ta ga ƙyalle, ta ga firjinta a buɗe ba komai a ciki sai takalman Na-Sani da ya mai da shi kabad. Ta dube ni. Na dubi takalmana.

Mai sayayyar otal mutum ne marar son surutu, fuskarsa cike da ramukan tsofaffin ƙuraje, hancinsa kuma na aiki sosai, domin tun daga mota ya sa hankici. Na-Sani ya yanke ƙyalle, ya ɓanɓare salatif, ya tura ƙofa. Abin da ya fito ya tura layin gaba zuwa layin baya. Ƙananan ƙudaje suka taso kamar hayaƙi. Ledojin sun kumbura kamar matashin kai. Ya jawo tire ɗaya ya yaye, sai ga inabin ya haɗe ya zama abu guda, ƙasa na kumfa, sama ya yi gashi fari da toka, hularsa na zaune a kai ita ma ta yi gemu.

Ya ce kada ido ya ruɗi kowa, wannan rigar ce kawai, ciki lafiya lau. Ya kama ƙwaya ɗaya ya ja, tiren duka ya biyo shi. Ya sa ƙafa ya danne, ya ja da ƙarfi, ƙwayar ta fashe, ruwan ya tafi kai tsaye ya sauka a farar rigar mai sayayya.

Mai sayayya ya dubi rigarsa, ya dubi ƙanwata, ya tambaye ta ko wannan ne kayan da ake ta turo masa hotonsa. Kafin ta amsa, Na-Sani ya ce shi ne, kuma zai tabbatar a gaban kowa. Ya ɗaga waya, ya saita a kan tiren, ya ɗauka, ya juyo da ita ga jama'a. A cikin wayar gashin toka ya zama wani laushi mai kyau, kumfa ya zama ƙyalli, inabin ya yi fes kamar a talla. Mutane suka dubi wayar, suka dubi tiren, suka sake duban wayar.

Matar tela, wadda idonta bai gama sacewa ba, ta ce a ba ta ta gani. Ta karɓa, ta juya ta kaina, ta ɗauka. Sannan ta miƙo mini. Na ga wani saurayi da hulata da tabarauna, fata sumul, ba tamoji ko ɗaya, leɓe har da ɗan ja-ja. Na daɗe ina kallonsa. Ina jin na taɓa sanin yaron nan, lokacin da yake da haƙora duka.

"Wayar 'yan kwalliya ce," in ji matar tela. "Mai goge fuska. An kunna mata gyara har ƙarshe. Wa ya kunna?"

Ta shiga cikin hotunansa tun kafin ya kai hannu. Ɗari bisa ɗari nasa ne, a mota, a gaban madubi, a gefen motar wani, kuma a kowanne Na-Sani ya fito ba ramin ido, ba furfura, kumatu kamar na jariri. Wayar ta riƙa yawo hannu zuwa hannu. Mai gyaran firji ya riƙe ta kusa da fuskar mai ita, ya tambaye shi ko ɗansa ne wannan, don ya ga suna ɗan kama ta wajen kunne.

Na-Sani ya ce ba wani gyara, haka fuskarsa take idan aka dube ta ta ciki. Don ya rufe bakin kowa, ya fizge wayar ya ɗauki mai sayayya, ya nuna masa. Ramukan fuskar mutumin duk sun cike, an ƙara masa gashin ido. Mai sayayya ya kalli hoton, bai yi dariya ba. Ya ce wa ƙanwata a hankali ya so su yi aiki tare, amma yana da baƙi gobe, kuma ba hoto za su ci ba. Ya shiga mota, ya tsaya a kantin mutumin da ke tsallaken titi, muna gani aka fara loda masa kwalaye.

Jama'a suka watse da kujerunsu, kowa na ba na kusa da shi labarin abin da su biyun suka gani tare. Ƙanwata ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ciro takalman daga firji ta ajiye a waje, ta ce wa mai gyara ya kawo injin gobe. Ta ɗauko wuƙa da soso ta ajiye a gaban mijinta, kusa da tire na farko. Ya fara bayani cewa fasahar ba ta da laifi, inabin ne ba irin na bincike ba. Ta ce, "Baban yara, ba ni wayar."

Ta ba matar tela ta kashe gyaran. Sannan ta ɗauke shi yadda yake, a durƙushe, gumi na zuba, ƙaro a gemu, ƙuda biyu a goshi. Ta juya masa wayar, ta tambaye shi ko ya san wannan.

Ya daɗe yana kallo. Ya matsar da ita nesa, ya matso da ita kusa, ya goge gilashin da bakin riga. Na jira in ji ya ce ya sani, domin ban taɓa jin ya ce wani abu daban ba. Sai ya miƙa mata, ya ɗauki wuƙa ya fara kankarar tire.

"Kun lalata mini waya," in ji shi.

Otal dai bai sake kiran ƙanwata ba. Firji na aiki har yau, makullinsa kuma na rataye a wuyanta. Hoton saurayin nan mai tabarauna na sa an wanke mini shi, yana jingine a kan littattafaina. Wani lokaci nakan manta inda na samo shi, sai in ji warin inabi a kasuwa, in tuna.